Turaren da Muka Yi wa Ƙafar Inna

Shekarun baya can, tun yarana suna ƙanana, na yi jinyar mahaifiyata a wani asibiti a nan Dutsin-Ma. Jinya ce da har yau in na tuna ta sai in ji bayana ya riƙe. Jiya maƙwabciyata ta sa turaren wuta, iska ta kwaso mini shi har tsakar gida, kawai sai na ji tuwon da ke gabana ya fita raina. Shi ne na ce bari dai in zauna in ba ku labarin nan, ko na samu ya sauka daga kaina.

Sai na fara gaya muku cewa ni ce ɗiyar fari. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kurfi, a gida irin namu mai jinin Fulani ko da Fulatancin ya gudu ya bar mu, ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana son in miƙo mata abu, bango take kallo ta ce, "A miƙo buta." Da na fara koyarwa a firamare sai Allah ya kawo mata mafita, ta koma ce mini Malama. Uwar da ta haife ni fa, wai Malama. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, kunya ce, haka muka taso muka tarar.

Cikin bazara abin ya faru, lokacin da ake kai taki gona. Inna ba ta iya zama, ko an ce ta huta sai ta samo abin yi. Ta tsaya kusa da amalanke tana nuna wa masu lodi inda za su kwasa, wani abu ya razana shanun, suka zabura. Ta faɗi, taya ta bi ta kan ƙafarta ta hagu. Ƙwauri ya karye, ƙashin ƙugu kuma ya tsage.

Kafin in isa gida Kurfi har kawuna, wan Inna, ya aika a kira mai ɗori. Ni kuwa na kafe, na ce asibiti za a kai ta. Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyar nan, mutanen asibiti ba su san gyara ba, yankewa suka iya. In suka raba ta da ƙafarta, ke za a tambaya." Na ce na ji, na ɗauka. Da wannan magana a wuyana muka sa ta a mota.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka gyara ƙashin, aka naɗe ƙafar da filasta mai taurin nan da mutanenmu ke ce wa siminti, tun daga cinya har tafin ƙafa, yatsu kaɗai ke leƙowa. Saboda ƙugun kuma likita ya ce ba tashi ba zama, kwanciya ce ta makonni. Aka ba mu gado a ɗakin mata masu karaya.

Mu biyu ne masu jinya, ni da ƙanwar Inna da muke kira Yafendo. Amma in don gaskiya ne, Yafendo ce mai jinya, ni 'yar aike ce. Inna ba za ta yarda in goge mata jiki ba, ba za ta yarda in sa mata fo ba, ko zane za a sake mata sai an ce in ɗan fita. Aikina shi ne in tashi da asuba in dama kunu, in shirya yara, in kai kunun asibiti, in wuce makaranta, a tashi in dawo gida in ɗora tukunya, in sake ɗaukar kwanuka in koma. Har 'yan acaba na bakin layinmu sun haddace ni, da sun hango ni da kwando sai su ce, "Malama, asibiti ne?" Wata rana ina rubutu a allo barci ya ɗauke ni a tsaye, dariyar yara ce ta tashe ni.

Ga kuma 'yan dubiya. Kai, jama'a! Daga Kurfi, daga Makera inda aka aurar da ƙanwata, daga Dabawa wurin dangin mijina, kullum gefen gadon cike yake. Kowa ya zo sai ya ce, "Yaya jiki?" Inna ta ce, "Da sauƙi." Likita ya zo zagaye da safe, ya matsa yatsun ƙafar, ya ce, "Mama, akwai inda ke miki ciwo?" Ta ce, "Alhamdulillahi, likita, da sauƙi." Ni ma in na tambaya, amsar ke nan, sai dai ni bango ake ba amsar ina ji.

Ana nan wata rana Yafendo ta ja ni gefe ta ce in na tashi zuwa gobe in taho da turaren wuta da humra. Na ce, "Turare kuma, Yafendo, a asibiti?" Ta ce, "Ke ba ki ga baƙi na zuwa ba? Ga surukanki, ga kowa. Ai mace ko a kwance take, mace ce." Na ga kuwa gaskiyarta. Har daɗi na ji, na ce yau dai an ba ni aikin da zan nuna bajinta. Na je wurin mai haɗa turaren da amare ke layi a ƙofarta, na zaɓo mai ƙarfi, irin wanda ke kama tufa ya yi kwanaki.

Ba a yarda a shigo da garwashi ɗakin ba, sai Yafendo ta samo dabara. Takan fita bayan ɗaki da kasko, ta turara zannuwa har su kama, ta kawo ta lulluɓe ƙafar. Bakin filastar kuma ta shafe shi da humra. Nan da nan gadonmu ya yi suna. Nas-nas in sun zo wucewa sai su ce, "Gadon amarya ke nan." Ni kuwa ina ta washe baki, ana yabon turarena. Da ya ƙare na ƙaro, da ya sake ƙarewa na sake ƙarowa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa tsohuwa ke shan turare haka ba.

Sai zazzaɓi ya fara zuwa wa Inna. Aka gwada jini aka ga zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani. Ya ɗan lafa, ya dawo. Ta rage cin abinci, fura ma sai ta kurɓa ta ture. Na lura in ta ɗauka ba mai kallonta takan cije leɓe, gumi na tsattsafo mata a goshi. Na ce, "Inna, ko ƙafar ce?" Ta ce wa bango, "Zafin gari ne." To, garin kuwa ana zafi kamar a gasa mutum, fanka ma in an kawo wuta iska mai zafi take hurowa. Na yarda.

Abin da ya tona asiri rasuwa ce aka yi a dangin mijin Yafendo, dole ta tafi gaisuwa ta kwana biyu. Kafin ta tafi ta turara zannuwa ta ninke a leda, ta yi ta nanata mini in riƙa sauyawa. Na ɗauki hutu a makaranta na tare. Wata mai jinya a gadon kusa ita ta riƙa taimaka wa Inna da abin da ba ta yarda in yi mata.

Zannuwan suka ƙare, ni kuma ga gajiya, ban bi ta kan kasko ba. Da hantsi ina zaune a kan tabarma sai na fara jin wani wari. Na ce lallai ɓera ne ya mutu. Na leƙa ƙarƙashin gado, na fito da kayan da ke cikin lokar gefen gado kaf, na shinshina kwanukanmu ɗaya bayan ɗaya. Har harara na aika wa matar gadon kusa, don na ga tana da daddawa a ƙulle. Allah ya yafe mini, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Da na gaji na zauna, sai idona ya faɗa kan ƙudaje. Ba su kan fura, ba su kan lemun da aka kawo dubiya, duk sun taru a wuri guda, a kan zanen da ke rufe da ƙwaurin Inna. Na kore su, suka dawo nan ɗin dai.

Na miƙa hannu zan ɗaga zanen. Inna ta damƙe shi.

Ta ce, "A bari."

Na ce, "Inna, zan duba ne kawai."

"Na ce a bari. Ba komai."

Tun da nake ban taɓa musa mata ba. Amma warin nan ya riga ya shiga hancina, kuma na san ba na ɓera ba ne. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Na fizge zanen.

Ta bayan ƙwaurin filastar ta jiƙe, ta yi laushi, wani ruwa rawaya-rawaya ya ɓullo ta ciki har ya ɓata zanen gado. Yatsun sun kumbura suna sheƙi. Da na taɓa cinyarta ta saman filastar, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ina gyara mata matashi don in ga da kyau, sai ga wani dogon tsinken tsintsiyar kwakwa ya faɗo, bakinsa ya yi baƙi.

Inna ta juyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san lokacin da na fita da gudu ba, ko takalmi ban sa ba.

Nas ɗin da na tarar ta zo, ta duba, ta ɗaga tsinken ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba, ita ma da ganinta a gajiye take. Ta ce, "Mama, da wannan kike susa?" Nas ɗin ta girgiza kai. Ta ce, "Haba Mama. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muke nan dominki?" Ta tafi ta kira likita.

Da aka kawo zarto aka tsaga filastar, sai da masu jinyar ɗakin suka fita waje. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba, don wataƙila wani na cin abinci. Abin da zan ce kawai, naman bayan ƙwaurin ya ci, mugunya ta yi gida, fatar gefen ta yi ja har ta doshi gwiwa. Likita ya ce gumi da zafi ne suka kawo ƙaiƙayi, tsinken ya yaga fata, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa, a rufe kuma ba mai gani. Ya tambaye ni tun yaushe ake jin wari. Na ce yau na fara ji. Ya kalle ni, ya kalli kwalbar humrar da ke kan loka.

A waje ya yi mini bayani. Za su shiga da ita tiyata su kankare duk naman da ya mutu, su ɗauki mugunyar a gwada a ga wane magani ne zai kashe cutar. In cutar ba ta kai ƙashi ba, da sauran sa rai. In ta kai, ko ta nemi shiga jini, to sai dai a cire ƙafar a tsira da rai. Ina jinsa, amma muryar kawuna nake ji. Na jingina da bango, na sulale na zauna a ƙasa kamar kayan wanki.

Da yamma Yafendo ta dawo, ta tarar an fito da Inna daga tiyata, ƙafar ba filasta, an kafa mata ƙarafa ta waje suna riƙe da ƙashin. Ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. A nan ta gaya mini komai. Tun farkon ƙaiƙayin ita ta samo tsinken, don ta ga 'yar'uwarta ba ta barci. Da wari ya fara, Inna ta ce mata ta rufa mata asiri, kada surukan Malama su zo dubiya su koma suna cewa uwarta na wari. Ta kuma ce kada likita ya ji, don in ya ji yankewa zai yi, a dawo a ɗora wa Malama laifi, tunda ita ta kawo ta.

Na rasa da wa zan yi fushi. Yafendo taimako ta yi a ganinta. Inna ni take karewa. Ni kuma da hannuna na riƙa sayo abin rufewar, har ina zaɓen mai ƙarfi. Na dubi Yafendo na ce ta share hawayenta ta zuba mana ruwa mu sha, don ni ko ƙarfin kuka ba ni da shi.

Daga nan aka shiga abin da ake kira jinya ta gaskiya. Kullum da safe wankin ciwo. Allurai ta jijiya har hannayenta suka ƙi karɓa, a huda nan a huda can. Aka sake komawa tiyata aka ƙara kankarewa. Yau a ce ciwon ya yi kyau, jibi a ce wani gefe ya sake ruwa. Kawuna ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin gado ya kalli ƙarafan, ya kalle ni, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya fita. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar farko da za a wanke ciwon, Inna ta ce wa bango, "Malama ta ɗan fita." Na ce, "Malama ba inda za ta." Nas ta ce gara ma in tsaya in riƙe ta. Na zauna a wajen kanta. Da aka fara, ta tura gefen mayafi a baki ta cije, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Can sai na ji hannunta ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Da aka gama ta saki, kamar ba a yi ba. Haka muka riƙa yi kowace safiya, har wurin ya yi mini shaida.

Na kuma daina tambayarta yaya jiki, tunda na san amsar. Da na shigo sai in ajiye kwando, in gaishe ta, in ɗaga zane in duba, in sa hanci in shinshina. Ta ce wa Yafendo, "Wannan ɗiya ta zubar da kunya." Na ce, "Ai a tiyata na baro ta, Yafendo, ki gaya mata." Ranar ce na ga gefen bakinta ya motsa, ta yi maza ta rufe da mayafi.

Damina ta sauka muna nan. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, muna nan. Waɗanda muka tarar a ɗakin duk aka sallame su, wasu suka zo suka tafi suka bar mu. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa, ban ga laifinsu ba, kowa na da gonarsa. Na rame har zobena ya riƙa zamewa. Autata ta fara kiran maƙwabciyata Mama. Akwai ranar da na zauna a kan acaba a ƙofar asibiti, ɗan acaban ya tambaye ni ina za mu, sai na ga na manta ko zuwa nake ko komawa.

Sai da gero ya fara fitar da kai likita ya duba sabon hoto, ya daɗe yana kallo, ya ce cutar ba ta kai ƙashi ba, naman kuma ya fara tsirowa ja mai kyau. Aka yanko fata daga cinyarta aka rufe wurin. Na ɗauka ranar zan yi guɗa. Wallahi ban yi ba. Na shimfiɗa tabarma a gefen gado da rana tsaka, na yi barcin da sai da aka tashe ni sallar la'asar.

Mun koma Kurfi da ƙafa biyu. Sai dai ƙafar ba ta koma yadda take ba. Bayan ƙwaurin ya lotsa, idon sawun ya sandare, da sanda take tafiya, a zaune take salla. Matar da ba ta iya zama, yanzu daga ɗaki sai gindin bedi. Karayar da ta kai mu asibiti ta warke tuntuni, abin da ya rage mata a jiki duk na ɓoyon ne.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ba na cewa kunya ba ta da kyau, da ita aka raine ni, kuma ina ganin mutuncinta. Amma na ga inda ta kusa cin ƙafar uwata, kowa kuma da kyakkyawar niyya. Mu mutane ne da in aka ce yaya jiki, ko rai ake fitarwa sai mu ce da sauƙi. Ga ɗan dubiya wannan ladabi ne. Ga likita da mai jinya kuwa, rufe musu ido ne. Shi ya sa yanzu in na je duba mai karaya ba na kai turare, sai in ja mai jinyar gefe in ce ya riƙa ɗaga zane. Wasu su ga kamar na cika shisshigi, ni kuwa na san abin da na gani.

Har yau Inna ba ta kira sunana ba, na kuma daina jira. Amma bara da sanyi na kira ta a waya bayan na taso daga makaranta, muka gaisa, bakina ya suɓuce na ce, "Inna, yaya ƙafa?" Can sai na ji ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Malama, yau kam babu sauƙi. Tun jiya take mini zogi."

Na sauke tukunyar da na ɗora, na ɗauki mayafi na nufi tasha. Ina cikin motar Kurfi hawaye na zuba, matar da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, rasuwa aka yi?" Na ce mata a'a, mahaifiyata ce ta ce mini ba ta da lafiya.